Barba Lovre Ya Wasa Teku

Barba Lovre, wato Kawu Lovre a harshenmu, ya dawo Galeba, ƙauyenmu da ke kan tsibiri, da zama bayan ya bar aikin jirgin ruwa. Ya dawo da ƙaton tumbi, da hular kyaftin, da bakin da ba ya gajiya. Mu da muka tashi tare da shi mun san aikinsa a jirgi bai wuce ferar dankali da wankin tukwane ba, amma in ya zauna a shagona na gahawa da ke bakin tashar jiragen ruwa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ka rantse shi ke nuna wa kyaftin hanya. A cewarsa ya taɓa cire wa wani ɗan Girka haƙori da filaya ana tsakiyar guguwa, ya taɓa tayar da injin jirgi da ludayin miya, kuma yana jin harsuna barkatai, ko da yake ba mu taɓa jin ya ƙarasa magana a ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ya jawo mana rigima kyauta ce da 'yarsa ta aiko masa daga Jamus, kyamara da ƙaramar kwamfuta. Kyautar ta zo daidai lokacin da ƙauyen ke cikin damuwa. Mu a Galeba da bazara muke ci. Kusan kowane gida akwai ɗaki ɗaya ko biyu a sama da ake ba baƙi haya, in kuwa baƙi ba su zo ba, to hunturu sai kabeji da busasshen kifi. Shekara da shekaru baƙin na sauka daga babban jirgi su wuce mu, su nufi Tramuna, ƙauyen da ke tsallaken ruwa a wannan tsibirin namu, yana kallonmu muna kallonsa. Ba su fi mu da komai ba. Tekunmu ɗaya, duwatsunmu ɗaya, har sauronmu ɗaya. Abin da suka fi mu da shi kawai Jerko ne, mai gidan abinci a can, wanda kullum yake sa hotunan Tramuna a intanet. Mu kuwa shafin ƙauyenmu hoto ɗaya ne a kai tun da aka buɗe shi, kuma rabin hoton kwandon shara ne.

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga coci aka cika shagona ana wannan zance. Lovre ya bari kowa ya gama kukansa, sannan ya miƙe ya gyara hula. Ya ce shi ya daɗe da gano matsalar, shiru kawai ya yi don kada a ce ya cika sani. Ba Galeba ce ba ta da kyau ba, hotonta ne ba shi da kaifi. Ya juya ga Vinko masunci, wanda ya yi masa babban aboki ranar aurensa, shi ya sa suke kiran juna kume.

Ya ce, "Kume, kai da ka san wuƙar fiɗar kifi, in ba ka wasa ta ba me take yi maka? To haka hoto yake. Ku ba ni shafin nan. In na ɗauki gaɓar nan, na gyara ta, na wasa ta, mutanen Tramuna da kansu za su zo neman ɗakin haya a nan."

Vinko ya ce shi dai bai taɓa ganin an yanka kifi da hoto ba. Teta Perina, wato Inna Perina, gwauruwar da ta fi kowa ɗakunan haya kuma ta fi kowa kaifin harshe, ta ce a ba shi, tunda ko me ya yi ba zai fi kwandon shara muni ba. Don Frane, limamin cocinmu, shi ke riƙe da mabuɗin shafin. Ya dubi sama, ya ba Lovre.

Kashegari da hantsi Lovre ya fito ɗaukar hoto, kyamara a wuya, hula a ka. Ya ce ƙwararru ba sa ɗaukar teku daga inda kowa ke tsayawa, don haka ya hau dogon dutsen da ke bakin mashigar tasha, wanda ko awaki ba sa hawa saboda gansakuka. Ya tsaya ya buɗe ƙafafu, ya kanne ido ɗaya, yana ɗaga wa masu wucewa hannu su kauce masa, alhali babu kowa a gabansa sai ruwa. Igiyar ruwa ta zo ta lashi dutsen. Muna zaune a shago muka ga hula ta yi sama, ƙafafu sun bi ta. Kyamarar dai ya ɗaga ta bai bari ta jiƙe ba, wannan kam a yaba masa. Sai dai a kan garken bushiyar teku ya sauka, kuma da mazaunai ya sauka.

Yinin ranar matarsa Nevenka ta yi shi a tsakar gida da allura da man zaitun tana cire masa ƙayoyi. Duk layin ana jin muryarsa yana bayyana mata cewa ba haka likitocin jirgi suke yi ba, ita kuma tana cewa ya kwanta shiru ko ta kira Teta Perina ta riƙe mata fitila.

Da ya samu ya iya zama a kan matashi, sai ya ɗauko kwamfutar ya kawo shagona, don ya ce aikin gwaninta ba a yin sa a ɓoye. Aka kewaye shi. Hotunan da ya ɗauka yawanci sararin sama ne da babban yatsansa. Ɗaya ne ya kama ƙauyen da gaɓar, shi ma dishi-dishi, kuma a karkace, tekun ta gangara gefe guda. Vinko ya leƙa ya ce a gaya wa Teta Perina ta kwashe kayanta, ga ruwa nan zai zube mata a ɗaki. Lovre ya ce wannan aikin yara ne. Ya kama gefen hoton da linzamin kwamfuta ya ja sama. Teku ta miƙe sambal. Hasumiyar ƙararrawar coci kuma ta lanƙwashe kamar ayaba. Don Frane ya yi gyaran murya, Lovre ya ce masa ya yi haƙuri, ana zuwa kansa.

Sai aka zo wurin wasawa. A manhajar akwai wani ɗan maɓalli da ake ja a hankali daga hagu zuwa dama don hoto ya ƙara fitowa. Lovre ya ce masu tsoro ne ke tsayawa a tsakiya. Ya ja shi har ƙarshe, ya adana, ya sake buɗewa ya sake ja har ƙarshe, ya yi ta yi yana huci kamar mai wasa gatari. Da ya janye hannu, teku ta koma kamar kwanon rufi. Kowane dutse ya sami farin zobe a kewayensa. Tsuntsayen da ke shawagi suka zama ƙusoshi. A can gefe kuma, inda Teta Perina ke zaune a ƙofar gidanta, da ɗigo ce kawai baƙa, yanzu ta fito da kowace tamoji a fuskarta kamar kunyar gona, ga wani gashin baki da ya fi na Vinko kauri.

Teta Perina ta sa tabarau ta matso.

Ta ce, "Lovre, wane ne wannan sojan a ƙofar gidana?"

Ya ce, "Teta, kyamara ba ta ƙarya. Abin da ke nan kawai take fitarwa."

Ta ce, "To ɗauki kanka ka wasa, mu ga ko akwai abin da zai fito."

Don ya kawar da zancen, Lovre ya ce bari ya nuna mana yadda ake haskaka inuwa. A ƙasan hoton akwai duhu a gindin katangar lambun coci. Ya ja wani maɓallin, duhun ya yaye kamar an ɗaga labule. Sai ga Vinko tsaye a kan bokiti, hularsa cike da lemun tsami, hannunsa ɗaya a cikin bishiyar Don Frane. Tun farkon watan limamin yake wa'azi a kan lemun nan, har ya sa mun fara zargin yaran makaranta. Don Frane ya juya a hankali ya dubi Vinko. Vinko ya ce shi dubawa yake yi ko tsutsa ta kama bishiyar. Limamin ya tambaye shi ko tsutsar ce ya cika hula da ita.

Daga nan kowa ya gane cewa abin da kwamfuta ta fitar tana iya mayarwa. Vinko ya ce a goge shi yanzu-yanzu, in dai ana son kume ya ci gaba da zama kume. Teta Perina ta ce a aske mata, a rage mata shekaru, a kuma yi wa gidanta farin fenti tunda ana ciki. Wannan ya ce a cire wayar lantarki, wancan ya ce a cire shanyar maƙwabcinsa. Lovre ya naɗe hannun riga. Ya goge Vinko, amma manhajar ta cike gurbin da abin da ta samu a kusa, sai ga Teta Perina ta biyu tsaye a kan bokiti a gindin katangar coci. Ya goge ta ita ma da sauri. Abin da ya rage hannun Vinko ne shi kaɗai, rataye a bishiya yana riƙe da lemo, da zanen anka, ƙugiyar tsayar da jirgi, a damtsensa wanda duk tsibirin an san shi. Lovre ya ce daga nesa ganye za a ɗauke shi.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma sai idonsa ya kai tsallaken ruwa, inda jajayen rufin Tramuna suka fito a hoton. Ya ɗora magogi a kai ya shafe. Ƙauye guda, da cocinsa da tasharsa da gidan abincin Jerko, ya zama ruwa. Shagon ya kaure da tafi. Har Don Frane sai da ya rufe baki da hannu. Wannan tafin shi ya ƙarasa Lovre.

Ya dubi gaɓarmu, wadda tun kakanni tsakuwa ce da manyan duwatsu, ya ce wannan ba ta dace da sunansa ba. Ya shiga intanet ya samo hoton wata gaɓa ta can ƙasashen zafi, ya yanko farin yashinta ya shimfiɗa mana daga tasha har bayan maƙabarta. Yashin ya zo da bishiyar kwakwa a jikinsa, ya bar ta. Ya rina teku ta koma kalar sabulun wanke kwano. Ya rataya jar rana tana faɗuwa a kan ruwa, alhali a Galeba daga nan take fitowa, bayan tsauni take faɗuwa. Nevenka, da ta zo kiransa cin abinci, ta tsaya a bayansa ta ce ya cire kwakwar nan kafin a yi mana dariya har babban birni. Ya ce mata mai dafa miya ba ya gaya wa mai tuƙin jirgi inda zai bi. Ta ce ai shi ya fi kowa sanin haka. Ya yi kamar bai ji ba, ya aika hoton.

Wanda ya fara magana a ƙarƙashin hoton Jerko ne. Ya rubuta cewa mutanen Tramuna sun tashi da safe sun duba, sun ga suna nan, amma suna godiya da ta'aziyya, kuma in kwakwa ta nuna a aiko musu da biyu. Muka ji kunya ranar. Sai dai mutanen da ba su taɓa zuwa Galeba ba ba su san da wannan ba. Suka yi ta danna alamar so, suna tura wa juna. Wayoyi suka fara ƙara a gidaje. Lovre ya daina tafiya a gefen hanya, ya koma tsakiya. In ya shigo shagona ba ya neman gahawa da baki, yatsa kawai yake ɗagawa.

Ana haka sai ga babban kamu. Wata mata daga Polan ta kira Teta Perina ta ce 'yarta za ta yi aure, kuma yarinyar ta ga hoton ta rantse ba za a ɗaura ba sai a kan farin yashin nan, ba takalmi, a gindin bishiyar kwakwa, rana na faɗuwa a teku. Dangi za su cika mota guda, suna son duk ɗakunan ƙauyen na mako guda, da abincin biki. Teta Perina ta amsa kafin matar ta rufe baki. Sai da ta ajiye waya sannan ta leƙa taga, ta ga tsakuwa da duwatsu da wata tsohuwar taya.

Aka sake taruwa a shagona. Don Frane ya ce a kira matar a gaya mata gaskiya. Babu wanda ya musa masa, babu kuma wanda ya miƙa hannu ga waya, don wasu sun riga sun sayi sabbin zannuwan gado, wasu sun yi alkawarin 'yan raguna. Duk idanu suka koma kan Lovre. Ni na ɗauka ranar zai sunkuyar da kai. Ina. Ya shanye gahawarsa, ya goge baki.

Ya ce, "Abin da na yi a hoto zan yi a ƙasa. Yashi dai ba daga sama yake saukowa ba, a tifa ake kawo shi."

Ana saura 'yan kwanaki biki babban jirgi ya sauke tifa cike da yashin gini. Yashin ja-ja ne, kalar garin kuli. Lovre ya ce ya san da haka, shi ya sa ya sa aka haɗo da buhunan garin farin dutse daga wurin masu fasa dutse, a cakuɗa ya yi fari. Tifar ta zo bakin lungun da ke gangarawa gaɓa ta ƙi shiga, direban ya juye kayan a ƙofar coci ya yi tafiyarsa. Haka muka kwashe shi da baro da bokiti, maza da mata, cikin rana, kowa ya yi fari fat kamar an tono shi. Lovre na tsaye a kan akwatin kifi da usur a baki yana nuna inda za a zuba, ya ce bayansa ba ya son ɗaukar kaya tun wata guguwa da ya tare da kafaɗa. Da aka gama shimfiɗawa, yashin da a hoto ya kai bayan maƙabarta, a ƙasa bai fi faɗin shagona ba.

Saura kwakwa. A zauren coci akwai wata 'yar bishiya mai kama da dabino a cikin rabin ganga, tsawonta bai wuce kafaɗar mutum ba. Lovre ya roƙi Don Frane aronta, aka ɗora gangar a kan akwatuna aka binne gindin da yashi don ta ƙara tsawo. Ya aika birni aka sayo kwakwa irin ta kanti, busasshiya mai gashi, ya ɗaure su a jiki da zaren kamun kifi.

Waɗanda suka fi kowa murna da aikin nan kyanwoyin Galeba ne. Tun da aka kafa ƙauyen ba su taɓa samun wuri mai laushi irin wannan ba. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, daga tasha, daga maƙabarta, daga bayan gidan burodi, kowace ta tona, ta tsuguna tana kallon teku cikin natsuwa, ta binne, ta tafi. Lovre ya bi su da tsintsiya har ya gaji, ya sa Vinko gadi. Vinko kuwa warin kifi yake yi, sai suka ƙaru.

Ana gobe biki tsofaffin matan ƙauyen suka fara kukan ciwon gwiwa. A wurinmu kowa ya san ma'anar wannan: jugo na tafe, iskar kudu mai tayar da teku. Nevenka ta gaya masa, Teta Perina ta gaya masa. Lovre ya ciro waya ya nuna musu hoton rana tana murmushi, ya ce shi da na'ura yake aiki, ba da gwiwar tsofaffi ba.

Baƙi suka iso da rana tsaka, mota guda cur, da mai kiɗan akodiyon da kwalaben giyarsu. Kafin su ajiye kaya suka gangara gaɓa, uwar amarya a gaba, doguwar mace mai faɗin kafaɗa, waya a hannu da hoton a buɗe. Ta dubi waya, ta dubi ƙasa, ta sake duban waya. Harshensu da namu ba su da nisa sosai, in an yi a hankali ana fahimtar juna, amma Lovre ya ture kowa ya ce shi zai yi tafinta. Ya sara mata irin ta ma'aikatan jirgi.

Ta tambaye shi ina sauran yashin. Ya ce ruwa ne ya cika ya rufe shi, in ya janye za ta gani. Ta tambayi dalilin da bishiyar ta gajarce. Ya ce an yi mata aski ne saboda biki. Sai ta ɗaga hannu ta nuna tsallaken ruwa, inda Tramuna ke zaune da tsohuwar hasumiyarta da ta girmi kakannin kakanninmu.

Ta ce, "Wancan garin fa? Babu shi a hoto."

Lovre bai ko ƙifta ido ba. Ya ce, "Sabo ne, uwargida. Bayan an ɗauki hoton aka gina shi. Mutanen can akwai saurin aiki."

Teta Perina ta ja matar da hannu ta ce ta zo ta ga ɗakuna, ga sanyi ga tsabta. Amarya dai yarinya ce mai sauƙin kai, ta ce tunda akwai yashi akwai bishiya, a ɗaura.

Da la'asar aka jera kujeru. Sama ta riga ta yi toka-toka, iska mai ɗumi da nauyi tana kaɗa rigunan mata. Baƙin suka juya kujerunsu suna fuskantar teku suna jiran faɗuwar rana, ita kuwa tana bayansu tana shirin shigewa tsauni. Mai akodiyon ya fara. Amarya ta tuɓe takalmi ta tako yashi, fuskarta cike da murmushi. A taku na farko lafiya. Kafin ta isa wurin ango murmushin ya tsaya, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta duba tafinta. A kan katanga wata jar kyanwa na zaune tana lasar hannu.

Ana neman ruwan wanke ƙafa sai teku ta kawo da kanta. Igiyar farko ta shigo ta ƙarƙashin kujerun gaba ta koma da kashi ɗaya na gaɓar. Ta biyu ta fi ta girma. Garin dutsen nan da ya sha ruwa ya zama kunu, takalman baƙi suka riƙa maƙalewa ana zare ƙafa a bar su. Ruwan tasha gaba ɗaya ya koma fari kamar an zubar da nono. Duwatsunmu na gado suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya, har da tsohuwar tayar. Iska ta kaɗa bishiya, zare ya tsinke, kwakwa ta faɗo a kan akodiyon ya yi wani kuka kamar jaki.

Lovre ya hura usur ya ce kowa ya zauna, wannan ɗan yayyafi ne, shi ya ga abin da ya ninka shi. Ya fizgi shebur ya shiga ruwa yana kwaso yashi yana watsowa baya, teku na kwashewa ta gabansa. Sai gangar bishiyar ta tashi daga kan akwatuna ta fara iyo. Don Frane ya ce a taimaka, kayan coci ne. Lovre ya yar da shebur ya rungume gangar. Ƙafafunsa suka zame a kunun, igiya ta ja su tare. Haka muka tsaya, mu da baƙi, jiƙe sharkaf, muna kallon Barba Lovre yana fita daga tasha a hankali rungume da bishiyar kwakwa, fari fat tun daga gira har tumbi, yana ba da umarni ga mutanen da ba sa jin sa.

Wanda ya tsamo shi Jerko ne. Ashe tun rana mutanen Tramuna suna zaune a kan katangar tasharsu da tabaran hangen nesa, suna miƙa wa juna. Da ya ga abin ya kai haka sai ya taso da babban kwale-kwalensa mai inji. Ya kamo Lovre ta bel, ya jawo shi ciki shi da bishiyar, ya kawo su bakin tasha. Ya cire hula ya gaida uwar amarya, ya ce shi daga sabon garin can yake, fentin ma bai gama bushewa ba, amma gidan abincinsa na da rumfa mai rufi da za ta ɗauki kowa.

Amarya ta zauna a kan dutse tana dariya har da hawaye. Uwarta ba ta yi dariya ba. Ta tako har gaban Lovre, ta ɗaga wayar kusa da hancinsa, ta goge hoton yana kallo, sannan ta shiga kwale-kwalen.

A Tramuna aka ɗaura auren. Muna jin kiɗan yana tsallako ruwa. Baƙin sun kwana ɗaya a ɗakunanmu don can babu wuri, kashegari Jerko ya rarraba su gidajen 'yan uwansa. 'Yan ragunan da aka gasa mu muka cinye su, har sai da Galeba ta ƙi jinin warin nama. Don Frane ya karɓe mabuɗin shafin. Nevenka ta sa kwamfutar a akwatin zannuwa ta kulle, ta rataya makullin a wuya. Teta Perina kuwa ta daina kiran sunan Lovre, in zancensa ya taso sai ta ce mijin Nevenka, Allah ya ba ta lada.

Da jugo ya kwanta, teku ta washe, sai labari ya zo daga tsallake. A gefen Tramuna akwai wani ɗan lungun ruwa tsakanin duwatsu, wanda ba a taɓa kula shi ba sai in za a zubar da ƙashin kifi. Nan igiyar ruwa ta kai yashinmu ta ajiye, ta wanke shi tas, ta shimfiɗa shi lumui. A duk tsibirin babu wani wuri mai yashi sai nan. Jerko ya tsaya ya ɗauke shi da waya, bai gyara komai ba, ya sa a shafinsu. Ya kafa allo a bakin wurin ya rubuta Gaɓar Lovre. Kafin bazara ta ƙare ba ka samun wurin shimfiɗa tawul.

Mun ɗauka wannan zai sa Lovre ya kulle kansa a ɗaki har hunturu. Ranar da labarin allon ya iso, sai ga shi ya shigo shagona da hula a goge, ya ɗaga mini yatsa. Ya zauna ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, ya ce a nuna masa mutum guda a tsibirin nan da aka sa wa gaɓa sunansa yana raye.

Vinko ya ce, "Kume, gaɓar tana Tramuna."

Lovre ya ce, "Ni na ce zan yi gaɓa, na yi. Inda teku ta ga dama ta ajiye ta, wannan tsakaninku da ita ne."

Yanzu duk Lahadi bayan coci yana shiga jirgin Vinko a tsallaka da shi. Yana zama a gindin allon, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, duk baƙon da ya shimfiɗa tawul kusa da shi sai ya gaya masa cewa shi ne Lovre ɗin, kuma yashin da yake kwance a kai shi ya kawo shi a tifa. Na taɓa bin su sau ɗaya. Wani Bajamushe ya saurare shi har ƙarshe yana gyaɗa kai cikin ladabi, da Lovre ya tashi neman ruwan sha sai mutumin ya juyo gare ni ya tambaye ni a hankali ko tsohon nan yana da mai kula da shi a gida.